Kafin Mu Ɗora wa Tuwo Laifin Susar Kare

Mun san wasu za su yatsine fuska da ganin maudu'in wannan mako, amma duk wanda ya san Illela ya san kare ba baƙo ba ne a nan. Yana biye da makiyayan da ke koro shanu zuwa kasuwar Lahadi, yana gadin garke da gona, mafarauta kuwa ba sa shiga daji sai da shi. Addini ya halatta ajiye shi don waɗannan ayyuka, kuma wanda ya ajiye dabba, haƙƙin cinta da lafiyarta na wuyansa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne irin rubutun da wasunmu ke kwasowa daga intanet su juya zuwa Hausa: wai idan kare na susa, abinci ne bai karɓe shi ba, a saya masa na buhu daga waje. An yi wannan shawara ne don karen da ke kwana a falo a Ingila. Mai karatunmu a Kalmalo, ko a tsallake Birnin Ƙonni, kuɗin buhu ɗaya sai ya taɓa cefanen gidansa, kuma da wuya ya magance komai.

Ba mu ce cutar ba ta nan ba. Kare na yin irin abin da muke kira borin jini a jikin mutum: garkuwar jikinsa ta ɗauki wani sinadarin gina jiki a matsayin abokin gaba. Alamominsa ƙaiƙayi ne da ba ya bin rani ko damina, yawan lasar ƙafafu, ciwon kunne mai tafiya yana dawowa, wani lokaci da zawo ko amai. Abubuwan da binciken likitocin dabbobi ya fi kamawa da laifi su ne naman shanu, madara, kaza da alkama. Ku lura, abincin buhun nan akasari da kaza ko naman shanu ake haɗa shi.

Sai dai a wurinmu, karen da gashinsa ke zuba, mu fara zargin kaska da ƙuma da ƙazuwa, domin sun fi borin abinci yawa nesa ba kusa ba, balle ga karen da ke kwana cikin dabbobi. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ma tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Al'adar shafa wa kare baƙin mai kuwa zalunci ne da sunan magani. Yana ƙona fata, karen ya lashe ya shiga cikinsa.

Idan an kawar da waɗannan kuma susa ba ta tsaya ba, gwajin da likitoci suka yarda da shi ba ya bukatar tsada, haƙuri yake so. A zaɓi nama iri ɗaya da karen bai saba ci ba, a haɗa da abin cika ciki iri ɗaya. Wanda ya tashi da ragowar naman shanu daga mahauta, a koma ba shi kifi da dafaffen dankali, misali. Mako 8 cur, ba ɗanɗane, ba ƙashin da yaro zai jefa masa. Idan fata ta lafa, a mayar da tsohon abincin. Susa ta dawo cikin kwanaki, an kama ɓarawo. Wahalar a nan ita ce karnukanmu sake suke, kowane juji nasu ne, don haka sai an killace shi gwajin zai yi ma'ana.

Akwai kuma abin da shafukan waje ke ambata a layi ɗaya su wuce, alhali mu shi ne babba: albasa. Muna tsakiyar ƙasarta, daga fadamun Sakkwato har Galmi a Nijar, kuma babu miyar da ba ta ciki. Albasa ba bori take sa wa kare ba, guba ce gare shi, ɗanya ko dafaffiya, haka ma tafarnuwa. Tana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, sai ka ga ya yi kasala, dasashinsa ya koɗe, fitsari ya yi duhu, mai shi kuma ya ce ai karen ne ya lalace da farauta. Ragowar tuwo ba laifi, miyar da aka malala a kai ce abin dubawa. Hatsin da ya yi fumfuna, wanda ake cewa a zuba wa kare tun da mutum ba zai ci ba, shi ma yana lalata hanta.

Don haka wanda zai yi rubutu kan wannan a cikinmu, ya bar wayar tukuna ya je ya zauna da mafarauci, ya tambaye shi me karensa ya ci jiya da daddare, da miya ko babu.