Waken suya a tsakanin masara: maganar da za ki yi da maigida kafin shuka

Yau a gona za mu yini, amma maganar ta kwanon yaronki ce.

Yawancin yaran da ake kawo mana asibiti da tamowa ba da yunwa suke kwana ba. Ana dura musu koko, ana ba su tuwon masara, ciki ya cika, jiki kuwa bai samu abin gina shi ba. Sinadarin furotin da ke cikin masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na waken suya kuwa ya kusa kashi 40. Nama da ƙwai sun yi tsada, kowa ya sani. Shi ya sa nake so kafin ruwa ya zauna ki ja hankalin maigida: a bana kada a shuka masara ita kaɗai. A yi layi biyu na masara, layi biyu ko fiye na waken suya, domin waken ya samu rana.

In ya ce gonar za ta ragu, ki gaya masa saiwar waken suya tana da 'yan ƙulluttai da ke tara takin naitirojin daga iska, kuma wasu irin TGx da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar suna rage wuta-wuta a gona.

Bayan girbi a busar da masarar sosai, kada ta yi fumfuna, gubarta tana taɓa hantar yaro. A soya waken suyar sai ya yi ƙamshi, a haɗa da masara da gyaɗa a niƙa garin kunu. Ɗanyen waken suya yana hana jiki amfana da furotin ɗin, don haka dole ya ji wuta. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kawai, don Allah.

Sai awakinki, waɗanda ke ramewa duk rani har nono ya ɗauke. A ware wani gefen gonar, a yanke masara da waken tare tun ganye na kore, lokacin da ƙwayar masara ta fara tauri. A daddatsa ƙanana, a zuba a rami ko durom ko babbar leda, a tattake sosai, a rufe kada iska ta shiga. Zaƙin karan masara ne ke sa haɗin ya tsumu, waken kuma ya ƙara masa ƙarfi. Waken shi kaɗai ba ya tsumuwa da kyau. Kada a buɗe kafin sati 3. Mai kyau yana da ƙamshin tsami-tsami. Wanda ya yi baƙi ko yake wari a zubar, kada akuya mai shayarwa ta taɓa shi.