Fursuna Ma Ɗan Adam Ne

A shekarar 2014, Maryam Yahya Ibrahim ta haihu a gidan yarin mata na Omdurman da mari a ƙafafunta, alhali ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun haramta ɗaure mace mai naƙuda. Jama'a, hukuncin ɗauri yana hana mutum fita ne kawai. Bai hana shi ganin lauya, likita da iyalinsa ba.

Gwamnatin Umar al-Bashir ta sha tsare 'yan adawa a kurkukun Kobar na Khartum Bahri, sai ga shi a 2019 shi ma an kai shi can. Saboda haka masu mulki su kiyaye haƙƙin fursuna tun suna kan kujera, domin gobe ta Allah ce.