Kuɗin dako daga China: iskar da ke cikin kwali ma biyanta kake yi

Tun ina yaro nake bin Baba kara a Oko-Oba da ke Agege, kuma a can na fara gane cewa mai mota wuri yake sayarwa. Tirela ɗaya ce, kuɗinta ɗaya ne daga Potiskum zuwa Legas, amma in ka loda rahaji masu dogayen ƙahoni ba za su shiga da yawa kamar ƙananan bijimai ba. To haka abin yake a jirgin ruwa.

Yanzu samarinmu da dama a Agege da Idi-Araba sun koma yin odar kaya daga Guangzhou. Ba su iya cika kwantena, sai a haɗa su da wasu, ejan ya caje su bisa CBM, wato girman wurin da kayan suka ci. Da dala ake lissafin. A da ba a damu ba. Amma tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kowane ɗan kuskuren awo ya zama kuɗi mai ciwo.

Lissafin kuwa ba wuya. Ka auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da mita, ka ninka su. Kwali mai santimita 60 da 50 da 40, wato 0.6 sau 0.5 sau 0.4, ya ba ka 0.12. Kwali 20 sun zama CBM 2.4. To a ce a sito an ƙara santimita biyar a kowane gefe, ko don kwalin ya kumbura ko don mai awon ya ga dama. Sai lissafi ya tashi sama da 3.2. Kusan CBM ɗaya kenan za ka biya na kayan da babu su.

Wani abokina wallahi haka aka yi masa da takalman roba. Sai da kaya suka iso muka sa tef muka auna, lokacin ya riga ya biya, ejan kuma ya ce awon can ne ke aiki.

A jirgin sama ma akwai wannan tarko. Ana ninka santimitocin a raba da 6,000, wasu kamfanonin da 5,000. Wancan kwalin zai fito kilo 20 ko da ainihin nauyinsa 9 ne, kuma wanda ya fi yawa shi za a caje ka.

Ni a ganina ba duk laifin ejan ba ne, mu ma ba ma tambaya. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a aiko maka da takardar jerin kaya mai awon kowane kwali, da hoton tef a jikinsa. Ka kuma roƙi mai kayan ya matse su a kwali daidai su. Ejan da ya ƙi nuna maka awo, ka nemi wani.