Robar hanci ba sallama ba ce

A wajenmu, idan aka ce "an sa masa roba a hanci", sai ka ga mata sun soma share ido da bakin mayafi, maza kuma sun koma gefe suna ƙus-ƙus. An riga an yanke hukunci cewa mai gado ya kama hanya. Wannan fahimta tana cutar da mu, kuma na ga illarta da idona.

Wani kawuna manomin shinkafa ne a Tumbutu, cikin gundumar Malanbil. Dare ɗaya ciwo ya turnuƙe shi a saman cibiya, yana sukarsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Ba ya samun sassauci sai ya zauna ya dunƙule, gwiwa a ƙirji. A asibiti aka auna jini, aka ce fankiriyas ne ya kumbura. Wata tsoka ce doguwa da ke kwance bayan tumbi, ita ke fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin. Idan tsakuwa daga matsarmama ta toshe mata hanya, ko giya ta yi mata yawa, sai ruwan nan ya juya ya soma cin ita kanta.

Kwana uku kawu bai iya riƙe ko kunu ba. Da likita ya kawo maganar roba, inna ta miƙe tsaye. "Likita, don Allah ka bar shi da ƙarin ruwan nan. Ai shi ne ƙarfinsa."

A nan gizo ke saƙa. Mun ɗauki ledar ƙarin ruwa kamar tuwo, alhali ledar ruwan sukari ta rabin lita da aka saba ratayawa ba ta wuce giram 25 na sukari ba, wato kamar ƙwaya biyar na sukarin shayi. Ruwan yana da amfaninsa babba, musamman a ranar farko, amma ba ya ciyar da ƙaton da ya saba wuni a fadama.

Ban ga laifin inna ba, domin su kansu likitoci sun daɗe a kan wannan ra'ayi. Shekaru da dama ana koyar da cewa a hana mai wannan ciwo komai ta baki don fankiriyas ya huta, in ta yi tsanani a ba shi abinci ta jijiya. Daga baya aka gano cewa hanjin da ya zauna wayam bangonsa yakan yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su tsallaka zuwa naman fankiriyas da ya lalace. Abin da ke kashe mutane da yawa ke nan. A 2010 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 8 a kan majinyata 348, ta ga ciyarwa ta hanji ta rage mutuwa da kusan rabi idan aka gwada da ta jijiya. Tun 2005 kuma likitocin Gilasgo suka nuna cewa robar da ke tsayawa a tumbi tana wadatarwa, ba dole sai wadda ake zurawa can cikin hanji da na'ura ba. Ga wanda babban asibitin koyarwa na Paraku ke nesa da shi da kilomita sama da 300, wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Ba cewa nake kowa sai an sa masa roba ba. Yawancin masu ciwon, kusan takwas cikin goma, nasu mai sauƙi ne, kuma shawarar da likitocin ciki na Amurka suka fitar a 2018 ita ce a gwada ba su abinci ta baki cikin awa 24. A Holan ma, a 2014, an gwada majinyata 208 da ake tsoron nasu zai yi tsanani, aka ga gaggauta sa roba bai fi jira a ga ko baki zai karɓa ba. Baki ne farko, da abinci marar maiƙo, kaɗan-kaɗan. Idan ya gaza, roba ta karɓi aikin, kuma likita ne mai sanin lokacin, ba mu da ke zaune a tabarma ba.

Roƙona yana ga ma'aikatan jinya. Kafin ku ɗauko robar, ku zauna da dangi minti biyar, da Dandanci ko Hausa ko Fulatanci, ku faɗa musu cewa hanyar abinci ce kuma za a cire ta. Haka wata ma'aikaciya ta yi wa inna. Ta ɗaga kan gadon, ta tabbatar robar ta sauka inda ya dace, ta nuna mata yadda abincin ke gangarawa a hankali. Inna ta zauna ta zura wa robar ido har asuba. Bayan kwanaki aka zare ta, kawu ya nemi koko da kansa.