Ziyarar Ɗa'ifa: Da mai rauni ake auna tafiya

 Iyalai da dama daga Legas, Abuja, Ibadan da Fatakwal kan haɗa Umara da hutun makaranta, su tafi da yara da kakanni. Bayan an kammala ibada, abu ne da aka saba a ware yini guda a ɗauki shatar mota zuwa Ɗa'ifa. Tafiya ce mai daɗi, amma tana da abin lura. Shawarata a yau guda ce: ku tsara ta bisa ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin motar, tsoho ne, jariri ne, mai ciki ce ko mai ciwon sukari.

Daga Makka zuwa Ɗa'ifa wajen kilomita 90 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Abin da ya bambanta ta da sauran tafiye-tafiye shi ne hawa. Makka na cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, ita kuwa Ɗa'ifa tana kan tsaunukan Sarawat, sama da mita 1,800. Iska kan ragu da zafi kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka cikin ɗan lokaci za ku bar zafin hamada ku shiga wuri mai sanyi da kusan digiri 10. Jikin matashi ba zai damu ba. Jikin Hajiya kaka da na jariri kuwa sai an taimaka musu.

Hanyoyi biyu ne. Ta Al-Hada ita ce mai ban sha'awa: tana wucewa kusa da Arfa, ta ratsa fili mai yashi da ƙayoyi, sannan ta fara nannaɗe dutse kwana bayan kwana har can sama. Ta Sailul Kabir ta fi tsawo kaɗan, amma hawanta a hankali yake, kwanoninta ba su da yawa. Idan a cikinku akwai mai ciki, ko yaron da mota ke sa shi amai, ko dattijon da jiri ke damu, ku bi ta Sail. Idan kowa lafiya lau, kuna iya hawa ta Al-Hada da safe ku sauko ta Sail. Hukuma kan rufe hanyar Al-Hada idan ana ruwan sama ko hazo ya yi yawa, ko ana gyara, saboda haka ku sa direba ya tabbatar tun kafin ku fito. Masu bizar Umara suna da damar zuwa sauran garuruwan Saudiyya, amma mai bizar aikin Hajji ya tuntuɓi jami'an alhazai tukuna.

Zaɓen rana shi ne farkon shiri. Kada ku sa tafiyar washegarin Umara. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga rashin barci. A bar tsofaffi su huta kwana ɗaya ko biyu. A ranar kuma a fita bayan Asuba, kafin rana ta take, a dawo kafin dare. Direban da ya kwana yana jigila bai dace da hanyar dutse ba, ku tambaye shi kai tsaye ko ya yi barci. Ku kuma yi cinikin kuɗin mota da wuraren tsayawa tun a ƙofar masauki, don kada a hau gardama a saman dutse.

Ruwa shi ne babban guzuri. Zafin ƙasar ba abin wasa ba ne: a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum sama da 1,300, a kwanakin da zafi ya haura digiri 50 a Makka. Iskar wurin busasshiya ce, gumi kan bushe nan take, mutum bai san yana rasa ruwa ba. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, wasu ma da gangan suke ƙin sha don gudun neman banɗaki. Uwargida, ke ce za ki riƙa miƙa musu kofi a kai a kai, ki kuma duba ko fitsarin yara ya yi ja ko ya ragu. Ku riƙe ƙunshin ORS. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya ruɗe, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira 911 ko 997 nan take. Kada a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota ko na minti biyar ne.

Ga masu amai a mota, karin kumallo ya zama mara nauyi, ba mai maiƙo ba. A ajiye waya, a kalli nesa ta gaba. Idan za a sha maganin hana amai, ana shan sa ne tun kafin a tashi, kuma yana sa barci. Ku nemi shawarar likita ko mai kantin magani kafin ba yaro ko mai ciki. Kunnuwa kan toshe wajen hawa da sauka. Manya su haɗiyi yawu ko su yi hamma, jariri kuma a ba shi nono idan an tsaya. Kowa ya ɗaura bel, yara ƙanana su zauna a baya, kada maigida ya ɗora ɗa a cinya a kujerar gaba.

Mai hawan jini ya sha maganinsa kamar kullum. Mai ciwon sukari ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, domin makarar abinci kan jawo rawar jiki, zufa da jiri. Allurar insulin ba ta son zafi, a sa ta a jakar sanyi, kada a bar ta a gaban mota. Mai ciwon zuciya, asma ko sikila ya ji ta bakin likitansa tun daga gida, musamman idan ana son ƙarasawa Shafa, wadda ta fi Ɗa'ifa tudu, sama da mita 2,000. Ku tafi da rigar sanyi da hula. A watan Disamba da Janairu sanyin saman dutsen kan shiga jiki sosai, ko da kun baro Makka kuna fifita.

A gefen hanyar Al-Hada akwai garken manyan birai, kuma sun saba da mutane. Yara za su so miƙa musu ayaba. Ku hana su, gilashi ya zauna a rufe. Idan biri ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, saboda haɗarin cutar haukan kare.

A cikin gari kada ku cika buri. Wuri biyu ko uku sun isa: masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wata gonar furen wardi, wanda ake tsinka a watan Maris da Afrilu, sai kasuwar 'ya'yan itace inda ake samun rumman, inabi da zuma. A nan ne ma za ku ba yara labarin zuwan Manzon Allah (SAW) garin tare da Zaidu ɗan Harisa a shekara ta goma da aiko shi, da haƙurin da ya yi. Mai niyyar yin wata Umara a dawowa zai ɗauki harami a miƙatin Ƙarnul Manazil da ke Sail, ko a Wadi Muhrim idan ta Al-Hada ne. Sai dai a duba: tsohon da ya wuni a mota, anya zai iya ɗawafi a daren? Idan ya gaji, a bar shi ya kwanta, jikinsa ma amana ce.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya karɓi ibada. Sai mako mai zuwa.