Daga ganye zuwa magani: abin da ɓeran ɗakin gwaji ke iya tabbatarwa

A shekarar 1952 aka aika wa Robert Noble, masanin kimiyya a Jami'ar Western Ontario da ke Kanada, wasu 'yan ganyayyaki daga Jamaika. Na wata fulawa ce mai suna Catharanthus roseus, 'yar asalin tsibirin Madagaska, wadda mutanen Jamaika ke dafawa su sha saboda ciwon sukari. Da aka ɗura wa dabbobin gwaji ruwanta, sukarin jininsu bai sauka ba. Da aka yi wa ɓeraye allurarsa kuwa, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka ragu ƙwarai, ƙwayoyin cuta suka yi musu illa.

Wannan illar ce ta buɗe hanya, domin sinadarin da ke karya fararen ƙwayoyin jini zai iya dakatar da su idan suka yi yawa fiye da kima, kamar yadda ake gani a sankarar jini. Noble da abokin aikinsa Charles Beer suka ware sinadarin vinblastine a 1958. Kamfanin Eli Lilly ya fitar da ɗan'uwansa vincristine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963. Dukansu biyu suna hana ƙwayar halitta rabuwa gida biyu, kuma har yau ana yi wa yara masu sankarar jini magani da vincristine.

Masu tallan ganyen zogale da makamantansa sukan kafa hujja da cewa an gwada a kan ɓeraye. Tarihin wannan fulawa kansa ya nuna raunin hujjar. Shayin ganyen bai warkar da kansa ba. Sai da aka tace ɗaruruwan kilo na ganye kafin a sami giram guda na sinadarin, aka auna adadin da jiki zai ɗauka, sannan aka gwada a kan mutane mataki-mataki. Ƙarin da ke jikin ɓera galibi dasa masa aka yi, kuma jikinsa ba ya sarrafa magani yadda na mutum ke yi. Shi ya sa kimanin tara cikin goma na magungunan da suka kai matakin gwaji a kan mutane ba sa samun amincewa.

Ya kamata jami'o'in Najeriya su ci gaba da wannan bincike, a kuma ba su kuɗin da zai kai su matakin tace sinadari. Amma matar da ta ji ƙulli a mama, asibiti ya kamata ta nufa tun da wuri, domin watannin da za ta ɓata tana shan jiƙo su ne lokacin da tiyata ta fi amfani.