Ba a Auna Arewa da Mudun Yamai

Duk wanda ya dubi teburin gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar zai ɗauka babu ƙwallo a Dogon Dutsi da Tibiri, garuruwan ƙasar Arewa. Ban yarda ba. Ƙungiyoyin da suka saba cin kofi, irin su Sahel, AS FAN ta sojoji da AS Douanes ta duwan, duk a Yamai suke, kusa da kuɗi da filaye. A gasar takobin kokawa kuwa, kowace jiha cikin takwas tana kawo ƴan kokawa 10, kuma a nan Issaka Issaka ya ɗaukaka Dosso, jihar da ƙasar Arewa take ciki. Ya kamata hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta riƙa haɗa samarin Arewa da manyan Yamai a fili, sannan a yanke hukunci.